Fil a Ƙugun Matan Sharaɗa

Aikina taɓa mutane ne. Na yi shekaru ina cajen mata a ƙofar wani kamfanin biskit a Sharaɗa. Mace ta shigo, in shafa ta daga kafaɗa zuwa gwiwa. Ɗankunne, zobe, awarwaro, fil, duk in karɓe in ajiye mata sai ta tashi. Dokar kamfani ce, ƙarfe ba ya shiga inda ake kwaɓa fulawa. In za ta fita in sake shafa ta, kada biskit ya raka ta gida. Ba aikin da ake zuwa makaranta dominsa ba ne. Ni ma ban je ba.

Kafin nan na yi wankin fata a Chalawa, har hancina ya daina jin wari. Na taɓa aure. Mijin ya tafi neman kuɗi, ina jin har yanzu bai samu ba. Ina zaune a Zawaciki da Innata, mai ciwon suga. Iyakar tarihina ke nan, kuma ya ishe ni.

Ga yadda ƙofarmu take. Akwai babbar ƙofa, ta titi. Daga ita mata su shigo ɗakina. Daga ɗakina sai wata ƙaramar ƙofa ta ƙarfe, mai ɗaukar mutum ɗaya, ita ce ke kaiwa cikin kamfani. A bakin wannan ƙaramar ƙofa Sajan yake tsayawa.

Sajan shi ne shugaban masu gadi. Bai taɓa soja ba, bai taɓa ɗan sanda ba. Belet mai faɗi ya saya a gwanjo, wani ya kira shi Sajan da wasa, shi kuma bai gyara ba. Mutum ne mai carbi da turare. Shi ke kiran salla a masallacin kamfani, kuma shi ke zaɓen 'yan aikin yini kowace safiya. Mata su yi cincirindo a titi, ya nuna da baki: ke, ke, ke. Wadda bai nuna ba ta koma gida da kuɗin motarta a wuyanta.

Saboda tsananin kishin kamfani, Sajan ya ƙirƙiro abin da ya kira caje na biyu. Wai hannun mace ba ya kaiwa ko'ina, akwai tausayi a ciki. Sai ya tsaya rabin jikinsa a cikin ƙofar, duk mai wucewa sai ta goge shi. Hannunsa kuwa ya yi ta neman biskit ɗin kamfani. Abin mamaki, bai taɓa zargin tsohuwa da sata ba. Kuma biskit ɗin nan, a ganinsa, wuri biyu kawai ake ɓoye shi a jikin mace. Har masu shiga aiki yana caje su, ko da wata ta zo da biskit daga gida za ta saka wa kamfani a ɓoye.

Na je wurin Manaja sau ɗaya. Na durƙusa, na gaishe shi, na faɗa masa a taƙaice.

Ya cire tabarau. "Sajan? Wannan da ke kiran salla?"

"Shi, ranka ya daɗe."

"Kina da shaida?"

"Duk matan da ke shiga."

"To, su zo su faɗa da bakinsu, a gabansa."

Na yi godiya. Wace ce za ta tsaya gaban maza ta faɗi inda aka taɓa ta, a gaban mutumin da zai nuna ta ko ya ƙi nuna ta gobe da safe? Wata mijinta bai ma so aikin ba, kalma ɗaya ya ji ta zauna gida. Wata budurwa ce, in maganar ta fita, unguwa ta ce ita ta nema. Manaja ya san wannan. Shi ya sa ya ba ni shawara mai kyau haka.

Maganin ya fito ne daga wurin Anti. Anti 'yar kudancin Kaduna ce, Kirista, ta fi kowa daɗewa a wajen zuba biskit a kwali. Wata safiya ina shafa ta, na ji abu ya cake ni a yatsa.

"Anti, mene ne wannan?"

"Ɗinki nake yi, na manta."

Na duba. Fil ne mai kai, an soke shi ta cikin zani, tsininsa yana kallon waje. Ɗaya a ƙugun dama, ɗaya a hagu, biyu a gaban riga. Mantuwa ce mai tsari.

Ta dube ni, na dube ta. Ta ce, "Uwar Ƙofa, in za ki karɓa ki karɓa." Haka matan suke kirana.

Na tsotse yatsana. Na ce, "Wuce."

Ban ga abin da ya faru ba, na dai ji. Sajan ya yi salati da ƙarfi, irin wanda ba na ibada ba. Anti ta ce, "Sannu, Sajan. Ƙofar nan tana da ƙusa, a gaya wa maƙeri."

Kafin mako ya zagayo, kowace mace ta zama tela mai mantuwa. Sajan ya yi ta yawo da filasta a yatsu, yana zagin maƙerin da ya yi ƙofar. Ya rage, amma bai daina ba. Ya koyi gane sababbi, waɗanda ba su san ƙofar ba tukuna. Sai na fara ba sababbin nan fil da hannuna, in nuna musu yadda ake soke shi. Na kafa doka ɗaya: abin da kika shiga da shi, da shi za ki fito, ina taɓa shi. Wadda nata ya ɓace, ta faɗa mini kafin kwali ya fita. Bai taɓa ɓacewa ba, iyakar sanina. Haka muka zauna, an ɗauke ni aiki in hana fil shiga, ni ce mai raba shi.

Sai labarin Bompai ya zo.

Kamfani ya samu masu sayen kaya daga ƙasar waje, ya buɗe sabon sito a Bompai. Masu sayen suka ce ba kowa zai yi gadin kayansu ba, sai wanda aka tantance halinsa. Wanda ya tsallake zai zama ma'aikaci na dindindin, da katin asibiti nasa da na iyalinsa. Ana neman shugaban gadi ɗaya, da mace ɗaya mai caje.

Katin nan nake so. Ba kujera ba, ba fanka ba, ko da yake an ce akwai. Ƙafar Inna ta fara wani ciwo da ya ƙi rufewa. Ina wanke shi da ruwan gishiri, yana kallona. Da na gaya mata, ta ce, "Ke, kada ki yi musu bakin nan naki." Na ce ba zan yi ba. A kamfanin kaf ni kaɗai ce mace mai caje. Sai dai in ni na kayar da kaina.

Mai tantancewar mace ce, kowa Madam yake ce mata. Tsohuwar 'yar sanda daga Filato, gajeriya, ba ta dariya sai in abin bai da ban dariya. Ta fara da bin unguwanni.

A unguwar su Sajan an kusa yi mata walima. Mai unguwa ya ce mutumin kirki ne. Liman ya ce sahun farko ba ya wuce shi. Mai shayi ya ce ba ya cin bashi. Maƙwabci ya ce ko ido ba ya ɗagawa ya kalli matar wani. Gaskiya ne. A unguwa ba ya yi. Mutum ne mai raba aiki da gida.

A tawa unguwar kuwa mutane sun sha wahala. Ba su same ni da komai ba, abin ya dame su. Wani ya ce bazawara ce, ta daɗe a haka, ko me take jira. Wani ya ce kullum keken a daidaita sahu ke sauke ta, kuma ba direba ɗaya ba. Wata ta ce ba na zama a gidan biki. Madam ta maimaita mini duk wannan, tana kallon fuskata.

"Malama, me za ki ce?"

"In sun samo mini direba ɗaya da zai riƙa kawo ni kyauta, ina so."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce wannan duk surutu ne, bai shafe ta ba. Saura abu ɗaya, tana so ta ga aikina da idonta.

Masu sayen kayan sun aiko da wata sanda baƙa mai batir, wadda ke kuka in ta ji ƙarfe. Ban taɓa ganin irinta a kusa ba. Ban kuma san ranar za a gwada ta ba. Lokacin canjin aiki ne, bayan azahar, rana tana dukan kwanon ɗakina. Masu aikin yamma suka yi layi. Madam ta ce in yi cajena yadda na saba, ita za ta tsaya bayan ɗakina da sandar. Manaja ya fito da kansa. Sajan ya matsa gefe, ya haɗa hannuwa a baya kamar hoton kalanda. Ranar babu caje na biyu. An yafe wa mata.

Na shafa ta farko, na ce wuce. Madam ta ɗora mata sanda. Kafaɗa, shiru. Ƙugu, ƙiii.

"Makulli ne?"

"A'a, Madam."

Ta biyu, ƙiii. Ta uku, ƙiii. Sandar nan ta yi ta kuka kamar an mutu. Manaja ya ce ko ta lalace ne, kayan Turawa ba sa jure zafin Kano. Madam ta ɗora ta a hannunta, shiru. Ta ɗora a belet ɗin Sajan, ƙiii. Ta ce lafiyarta lau.

Ta sa hannu a ƙugun Anti. Ta janye da sauri, ta kalli yatsanta. Ɗigon jini.

"Sannu, Madam," in ji Anti. "Ɗinki nake yi."

Aka sa kowa ta cire. Fil ya taru a kan bencina. Manaja yana gumi, yana faɗin "a cikin abinci, a cikin abinci." Sajan ya samu bakin magana.

"Ranka ya daɗe, ai na sha faɗa! Shi ya sa nake caje na biyu. Mata sai da namiji a kansu."

Manaja ya ce duk wadda aka samu da fil, daga gobe kada a sake nuna ta. Ya ce Sajan ya riƙe fuskokinsu. Sajan ya ce ai ya san su sarai. Wannan ma gaskiya ne.

Babu wadda ta yi magana. Duk suka sunkuyar da kai, suna kallon silifas ɗinsu. Wata 'yar Jigawa, mai goyo a gida, tana ta murɗa bakin hijabinta har na ɗauka zai yage.

Madam ta ce in biyo ta ɗakina. Ta rufe ƙofa, ta zauna a bencina, ta ɗauki fil ɗaya tana juya shi.

"Malama, na yi shekaru ina cajen mata. Mai riƙe zani tana mayar da tsini ciki. Mai sata tana ɓoye abin da za ta sayar. Wannan tsininsa waje yake kallo, kuma duk wuri ɗaya suka sa. Ban gane ba."

Ta gane. So take ta ji daga bakin wani.

Ta ce, "Bari in sauƙaƙa miki. In ba ki ji shi ba ne, ba laifi. Fil ƙaramin abu ne, hannu yana kuskure, shi ya sa aka yi sanda. Sai in ce a koya miki sanda, ki tafi Bompai. In kuwa kin sani kika bari, wannan maganar hali ce. Ba zan iya tsallakar da ke ba. Wanne ne?"

Ta ba ni ƙofa a buɗe, har da shimfiɗa. Kalma uku ce kawai zan faɗa: ban ji ba. Na tuna ƙafar Inna. Na tuna yadda take juya fuska in ina wanke ta, don kada in ga tana cije leɓe. Ta taga kuma ina hango Sajan yana bin layin matan nan da ido, ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe fuskoki kamar yadda aka umarce shi.

Ba zan ce na yi dogon tunani ba. Raina ne ya ɓaci, kuma ba a kan abin da ya kamata ba.

Na ce, "Madam, hannun nan yana gane biskit guda a cikin zani uku. Fil ne zai wuce shi?"

"Wato kin sani."

"Rabinsa ni na raba."

"Don me?"

"Ki je ki dubi yatsun Sajan. Sannan ki auna faɗin ƙaramar ƙofar can, ki tambaye shi me yake tsayawa yi a cikinta."

Na faɗa mata sauran. Bai ɗauki lokaci ba, ba labari ne mai rassa ba. Ta tambaya ko na taɓa kai ƙara. Na ce na kai. Ta kira Manaja ta tambaye shi. Ya ɗaga kai sama, ya yi tunani sosai, Allah bai nufe shi da tunawa ba.

Sai ta yi abin da babu wanda ya taɓa yi a kamfanin nan. Ta kori maza daga wurin. Ta zauna a ɗakina, ta riƙa kiran mata ɗaya-ɗaya, ƙofa a rufe, ba ta tambayi sunan kowa ba. Anti ce ta fara shiga. Ta daɗe. Da ta fito ta ce wa na baya, "Ku shiga, ba ta cizo." 'Yar Jigawar nan ta shiga, ta fito ido jajir, ta wuce Sajan ba ta gaishe shi ba. Ashe matan suna da baki. Wuri ne ba a taɓa ba su ba.

Da ta gama ta ce mini, "Na gode. Amma ki ji. Fil ɗaya ya faɗa cikin kwaɓi, yaro ya ci, me za ki ce wa uwarsa?"

"Ina duba su in sun fito."

"Kina duba waɗanda kika sani."

Har yau ba ni da amsar wannan. Abin da na sani, na je ofis na durƙusa an ce in kawo shaida, ban ga wanda ya kawo wata dabara da ta fi ta Anti ba.

Bayan 'yan kwanaki Manaja ya kira mu, ni da Sajan, ya karanta mana sakamako. Sajan bai tsallake ba, saboda halinsa da mata. Ni ban tsallake ba, saboda na san doka na karya ta da gangan, ba a amince in riƙe ƙofa mai muhimmanci ba. A magana ɗaya aka haɗa mu, kamar mun yi tarayya a sana'a.

Sajan ya yi rantsuwa, ya ce sharrin mata ne, ya ce a tambayi liman. Ni na ce, "To."

Na ɗauka korarsa za a yi. Ashe ban fahimci tantancewa ba. Ma'anarta, bai isa ya yi gadin kwalin da za a kai ƙasar waje ba. Kwali abu ne mai daraja. A Sharaɗa kuwa yana nan, da belet ɗinsa. Sai da Madam ta ce in masu sayen kaya suka ji yana kusa da ma'aikata mata za su fasa ciniki, sannan tausayin mata ya kama Manaja. Aka mayar da Sajan ƙofar baya, inda tireloli ke shiga. Yanzu direbobi yake caje. Ba ya yi musu na biyu.

Aka fasa bangon ɗakina aka yi ƙofa mai faɗi, mace ta wuce kai tsaye. Zaɓen safiya ya koma hannun wani akawu da ba ya ɗaga kai daga tebur. Matan da aka ce kada a sake nunawa, aka manta da maganar, domin in an kore su babu mai zuba biskit. Sandar kuma aka damƙa mini. Ni da ba a amince da ni ba, ni ke riƙe da ita. Yanzu fil ba ya wucewa. Babu mai kawo shi ma.

Shugabancin gadin Bompai wani abokin aikinmu ya samu, wanda ya shekara goma yana gyangyaɗi a kan kujera. An bincika, ba a same shi da komai ba. Bai taɓa farkawa ya yi wani abu ba. Mai cajen mata kuwa daga waje aka kawo ta, mai takardar makaranta. An ce tana da kirki. Ina fata tana da uwa mai buƙatar katin.

Ranar da aka karanta sakamakon na koma gida da wuri. Inna tana tsakar gida, ƙafar a kan kujera 'yar tsuguno. Ta kalli hannuna, babu komai a ciki.

"Ke, kin yi musu bakin, ko?"

"Na yi."

"Na sani. Tun kina goye haka kike." Ta gyara zaman ƙafar. "Ƙarya kika yi musu ko gaskiya?"

"Gaskiya."

"Ita ce ai ba sa so. Ɗora ruwan."

Na ɗora. Na zuba gishiri.

Ƙafar ba ta warke ba. Muna zuwa asibitin gwamnati, mu bi layi tun safe, wani lokaci a gan mu. Ranar da za mu je, Anti ce ke tsaya mini a ƙofa da sandar. Matan kuma suka ɗauki wata ɗabi'a da ban roƙe su ba. Duk mai a daidaita sahu a gidansu, miji ko ƙane, sai in gan shi a ƙofarmu ranar asibiti, wai hanya ce ta biyo da shi. Yau wannan, gobe wancan. Unguwa ta samu abin faɗa. Direbobin sun ƙaru.

Sajan yakan zagayo ta gaba in zai je kiran salla. Rannan ya tsaya daga nesa, ya ce, "Hajiya, to me kika samu? Ni ban je ba, ke ba ki je ba."

Ina riƙe da sandar. Na miƙa ta wajen belet ɗinsa, ta yi kukanta.

Na ce, "Matsa, Sajan. Mata za su wuce."

Ya matsa.